Ƙarar Fanka da Ƙarar Kotu: Rigimar Injinan Iska a Garin Falmouth

A watan Satumba na 2022 ma'aikata suka shiga harabar matatar ruwan ƙazanta ta garin Falmouth, a jihar Masacusets ta Amurka, suka kayar da wasu dogayen injinan iska guda biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ba lalacewa injinan suka yi ba. An ƙera su ne su yi shekara ashirin suna ba da wuta, amma na farko bai cika shekara shida yana juyawa ba, na biyun ma biyar da 'yan watanni ya samu. Kuɗin da aka zuba wajen kafa su ya doshi dala miliyan 10, kuma dukiyar jama'a ce. Ƙara ce ta kashe su: ƙarar fukafukansu a kunnen maƙwabta, sannan ƙarar da maƙwabtan suka kai kotu.

Na daɗe ina bibiyar wannan labari, kuma yadda ake ba da shi yana damuna. Masu adawa da wutar iska suna ɗaga shi a matsayin hujjar cewa injinan nan ciwo ne, a guje su. Masu goyon baya kuwa cewa suke wasu 'yan tsiraru masu son kai ne suka hana gari guda amfana. Ni a ganina duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ya faru a Falmouth magana ce ta mulki kafin ta zama maganar inji. Hukumar garin ita ce mai injin, ita ce ta yafe wa kanta neman izini, ita ce ke cin ribar wutar, kuma ita ce maƙwabci zai je wa da kukansa. Wanda kuwa ya kai kuka wurin wanda ya dake shi, ya san irin amsar da zai samu.

Falmouth gari ne na bakin teku a zirin Cape Cod, a ƙidayar 2010 mutanensa sun ɗan haura 31,000, sai dai lokacin zafi baƙi masu hutu kan ninka su. Tsarin mulkinsa tsoho ne irin na wannan yanki na Amurka. Akwai taron gari, inda wakilan unguwanni ke zama su amince da kasafin kuɗi da cin bashi. Akwai majalisar zartarwa ta mutum biyar da ake zaɓa. Sannan akwai ƙananan hukumomi kowace da huruminta: ta lafiya, ta tsara gari, da wadda ke sauraren ƙorafi kan amfani da filaye da gine-gine. Wutar lantarki tana da tsada a yankin, matatar ruwan ƙazanta kuma tana cikin manyan masu shan wuta a kowane gari. Ga iskar teku tana kaɗawa dare da rana ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga hikimar abin: a kafa inji a filin matatar, ta sha wutar da take buƙata, ragowar a tura wa kamfanin lantarki, kuɗin ya shiga asusun gari. Gwamnatin jihar ma tana ƙarfafa gwiwa. A 2009 Gwamna Deval Patrick ya sa burin samun megawat 2,000 daga iska kafin 2020, kuma ana son garuruwa su shige gaba.

Kuskuren farko ya faru tun kafin a haƙa rami. Wata hukumar jihar ta riga ta sayi manyan injina biyu ƙirar Vestas V82 don wani aiki a garin Orleans, can gaba a zirin, sai Orleans ya janye a 2007, injinan suka zauna a ajiye ana neman inda za a kai su. Ɗaya daga cikinsu ne ya zama injin farko na Falmouth. Wato riga aka fara ɗinkawa, sannan aka shiga neman wanda za ta yi wa daidai. Kowane injin yana ba da megawat 1.65. Tsawon sandarsa mita 80, kowane fiffike kimanin mita 40, idan fiffiken ya miƙe sama tsayin duka ya kai mita 120, kwatankwacin bene mai hawa arba'in. Gidaje mafi kusa ba su wuce mita 400 daga gindinsa ba.

Dokar garin ta ce duk mai son kafa injin iska sai ya nemi izini na musamman. Neman wannan izini yana nufin a aika wa maƙwabta takarda, a yi zama a bainar jama'a, kowa ya faɗi abin da ke ransa, masana su amsa tambayoyi. Jami'in gine-gine na garin ya yanke cewa wannan ba ta hau kan hukuma ba, tunda aikin gari ne a filin gari. Da haka aka tsallake zaman da ya fi kowane muhimmanci. Injin farko ya fara juyawa a watan Maris na 2010, kuma ba a yi nisa ba koke ya fara shigowa daga mazauna titin Blacksmith Shop da kewaye.

Yana da kyau mai karatu ya fahimci wace irin ƙara ake magana, domin a nan ne mutane da yawa ke yi wa masu koken dariya. Idan ka tsaya ƙarƙashin injin da rana tsaka, iska na kaɗa itatuwa, motoci na wucewa, za ka iya hira da abokinka ba tare da ɗaga murya ba, ka koma gida kana cewa ai ba komai. Haka jami'ai da 'yan jarida da yawa suka yi. To amma ba ƙarfin ƙarar ne matsalar ba, salonta ne. Wannan injin yana zagayawa sau 14 da ɗoriya a minti, fukafukansa uku, bakin kowane fiffike yana tsaga iska da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Sautin ba ya tafiya bai ɗaya kamar na ruwan sama a kan kwano, wanda kunne ke sabawa da shi har ya sa barci. Tashi yake ya faɗi, wuf, wuf, wuf, kusan sau 43 a minti. Lissafa awa takwas na dare, ya haura sau 20,000. Wasu daga cikin maƙwabtan sun kwatanta shi da jirgin sama da ke shawagi a kan gida ba ya sauka. Wasu sun ce ba a kunne kaɗai suke jin sa ba, har a ƙirji da cikin kai, kamar matsin da mutum kan ji idan mota ta hau tsauni.

Dare kuma ya fi muni, kuma akwai dalili. Wani masani a Jami'ar Groningen ta Holan, G.P. van den Berg, ya yi awo kusa da wata gonar injinan iska a Rhede, kan iyakar Jamus da Holan, ya wallafa sakamakon a 2004. Ya nuna cewa idan rana ta faɗi ƙasa ta huce, iskar da ke kusa da ƙasa kan kwanta, amma can sama inda fukafukan suke tana nan da ƙarfinta. Sai ya zama a tsakar gida ganye ko motsi ba ya yi, gari ya yi tsit, injin kuwa yana aiki da dukkan ƙarfinsa, babu wani amo da zai rufe nasa. Irin wannan ƙirar ta V82 ma tsohuwar dabara take bi wajen rage gudu idan iska ta yi yawa, dabarar da ke ƙara mata gurnani a daidai lokacin. Ga kuma inuwa. Da safe ko da yamma, idan rana ta yi ƙasa ta bayan injin, inuwar fukafukan kan riƙa wulgawa ta taga, ɗaki ya yi haske ya yi duhu kamar ana wasa da makunnin fitila. Mace tana wanke-wanke a kicin, bango yana ƙyaftawa a gabanta.

Ni ban taɓa kwana kusa da injin iska ba, amma na tashi a gidan da katanga ɗaya ce tsakaninmu da injin niƙa. Da rana ba wanda ya damu da shi, hayaniyar unguwa ta haɗiye shi. Sai lokacin azumi da gabanin salla, da mai injin kan kai tsakar dare yana aiki. Na tuna mahaifiyata zaune a bakin gado, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, kwanukan da ke jere a kan kabad suna kaɗawa a hankali suna taɓa juna. Ko an kashe injin ba ta iya komawa barci, sai ta zauna tana jiran a sake tayar da shi. Wannan jiran ya fi ƙarar cin rai. Abin da na lura da shi tun ina yaro shi ne 'ya'yan mai injin, da ɗakinsu ya fi namu kusa, barcinsu suke sha har da minshari. A kunnensu wannan ƙara abinci ce. Bambancinmu da mutanen Falmouth ɗaya ne: mahaifina ya samu mai unguwa, mai unguwa ya kira mai injin ya ce, "Malam, a duba haƙƙin maƙwabtaka, daga ƙarfe goma a huta." Aka kuwa huta. Mai unguwa ba shi da ko kwabo a cikin injin, shi ya sa maganarsa ta yi nauyi a kunnen kowa.

Bincike ya tabbatar da abin da na gani a gidanmu. Eja Pedersen da abokan aikinta sun yi nazari a Suwidin, sannan a Holan, suka gano abu biyu. Ƙarar injin iska ta fi ta mota ko jirgin ƙasa damun mutane ko da ma'auni ya nuna ƙarfinsu ɗaya. Sannan waɗanda ke samun kuɗi daga injinan, kamar manoman da aka kafa su a gonakinsu, da wuya su ce abin ya dame su, alhali su ne suka fi kusa. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin shaida cewa koken ƙarya ne. Ni akasin haka na fahimta. Yana nuna cewa cutuwa ba a kunne kaɗai take ba, tana haɗe da ko an tambaye ka, ko kana da rabo, ko kana da ikon cewa a tsaya.

A kan maganar rashin lafiya kuwa dole a yi gaskiya. A 2009 wata likita a Amurka, Nina Pierpont, ta fitar da littafi tana cewa akwai wata cuta ta musamman da injinan iska ke haddasawa ta hanyar sautin da ya yi ƙasa da abin da kunne ke ji. Littafin ya yaɗu sosai a tsakanin masu adawa. Amma kwamitin masana da jihar Masacusets ta kafa ya ba da rahoto a watan Janairu na 2012 cewa bai ga hujjar wannan cuta ba, ko da yake ya yarda ƙarar na iya hana barci. Ma'aikatar lafiya ta Kanada ta yi nazari a gidaje 1,238 a lardunan Ontario da Prince Edward Island, ta fitar da sakamako a 2014: ba ta ga alaƙa tsakanin ƙarar da cututtukan da ta auna ba, amma ta ga yawan waɗanda abin ke ƙuntata wa rai yana ƙaruwa yadda ƙarar ke ƙaruwa. Wani gwaji a Jami'ar Auckland ya nuna cewa mutanen da aka fara tsoratarwa kan sautin sun ji alamun ciwo ko da ba a kunna musu komai ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma masu koken sun raunana hujjarsu a duk lokacin da suka jingina ta da cutar da ba a tabbatar ba. Sai dai jami'an da suka riƙe waɗannan rahotanni suna cewa ai kimiyya ta wanke mu, su ma sun kauce. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar cuta ba kafin a yarda cewa wanda ya yi wata shida ba ya samun barci ya cutu. Hawan jini da ciwon kai da saurin fushi duk suna bin rashin barci, ko me ya hana shi. A Falmouth akwai waɗanda suka koma kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, akwai waɗanda suka bar gidajensu. Mutum ba ya barin gidan da ya gina da guminsa don wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar wa Turai a 2018, ta sa ƙarar injinan iska cikin abubuwan da ya kamata a yi wa iyaka, ta ba da shawarar kada matsakaicinta ya wuce desibel 45.

Ma'aunin da doka ta tanada shi ma bai taimaka ba. Ƙa'idar jihar ita ce kada wani inji ya ƙara fiye da desibel 10 a kan amon da wuri ke da shi tun asali, kuma ƙarin desibel 10 a kunnen mutum kamar ninki biyu ne. An tsara wannan ne don masana'antu masu ƙara bai ɗaya. Sautin da ke tashi yana faɗuwa, wanda ke tsananta a wasu darare ya lafa a wasu, yana iya zamewa daga hannun mai awo idan ya zo a daren da iska ta juya. Duk da haka, a watan Mayu na 2012 hukumar kare muhalli ta jihar ta sanar cewa injin farko ya haura iyaka da dare a ɗaya daga cikin gidajen da ta auna. A lokacin injin na biyu ya riga ya fara aiki tun watan Fabrairu. Wannan shi ne abin da na kasa yi wa hukumar garin uzuri a kansa. Kusan shekara biyu ana kuka da na farko, aka ci gaba da na biyu. Tun a watan Agusta na 2010 aka rubuto wa garin takarda ana tunatar da shi cewa kamfanin Vestas ya ce ƙarar injin a inda take fita na iya kai desibel 110 a wasu yanayi, sama da yadda ta saba. Jama'a ba su san da wannan takarda ba sai bayan shekaru.

Me ya hana su tsayawa? Kuɗi. An gina injin na biyu da kusan dala miliyan 5 daga kuɗin farfaɗo da tattalin arziki na gwamnatin tarayya na 2009, waɗanda suka biyo ta wani asusun jiha, da sharaɗin cewa aikin zai ci gaba da gudana, in ba haka ba kyautar ta koma bashi. Na farkon kuma da bashi aka gina shi, ana sa ran wutar da zai sayar ta biya. Kowace awa da aka kashe injin don maƙwabci ya yi barci, gibi ne a kasafin gari. Gaba kura, baya sayaki. Ba na zargin mutanen majalisar da mugunta. Yawancinsu 'yan gari ne masu aikin sa kai ko abin da ya yi kusa da haka, suna haɗuwa da masu koken a kasuwa da coci da makarantar yara. Amma an ɗora su a kujerar da ba wanda zai iya adalci a kanta: su ne masu bin kuɗin, su ne masu sauraren kukan.

An gwada sulhu. A 2012 aka kafa kwamiti da ya haɗa maƙwabta da jami'ai da masu goyon bayan wutar iska, aka kawo masu shiga tsakani daga waje, suka yi watanni suna zama. Manyan hanyoyin da suka fito da su su ne: a bar injinan su yi aiki sosai a sayi gidajen da abin ya shafa, ko a rage awannin aiki a jure asarar, ko a cire su gaba ɗaya. A farkon 2013 majalisar zartarwa ta goyi bayan cirewa. Taron gari a watan Afrilu ya ba da rinjaye amma bai kai kashi biyu cikin uku da ake buƙata don cin bashi ba. Sai aka kai maganar gaban dukkan masu zaɓe a watan Mayu, da kiyasin cewa cirewar da biyan basussukan za su ci wajen dala miliyan 14 daga harajin gidaje. Mutum 6,001 suka ce a'a, 2,940 suka ce e.

Masu goyon bayan injinan sun ce jama'a ta yi magana, a rufe babin. Amma a duba tambayar da aka yi wa mai zaɓe. An ce masa ne: ka yarda a ƙara maka haraji don wasu gidaje 'yan gommai, a unguwar da ba taka ba, su samu barci? Mutumin da ke zaune kilomita takwas daga wurin, wanda bai taɓa jin injin ba sai dai ya hango shi daga kan hanya, me kake tsammani zai ce? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni abin da ya ba ni mamaki ma shi ne kusan mutum 3,000 sun yarda su biya. Ƙuri'a hanya ce mai kyau ta yanke abin da kowa zai ɗanɗana daidai, kamar gina makaranta ko gyaran titi. Idan amfani ya bazu a kan dubbai, cutarwa kuma ta taru a kan 'yan kaɗan, sakamakon ƙuri'a sananne ne tun kafin a buga takardun, kuma ba ya amsa tambayar ko an zalunci wani.

Daga nan abin ya koma kotu, ya kuma ɗauki wani salo mai ban tausayi. Hukumar sauraren ƙorafin filaye ta garin ta yanke a 2013 cewa injinan sun zama abin cutarwa ga maƙwabta. Majalisar zartarwa ta kai wannan hukuma ƙara. Gari ya kai kansa kotu, lauyoyinsa kuma daga aljihun masu biyan haraji ake sallamarsu. A watan Nuwamba na 2013 Mai Shari'a Christopher Muse ya ba da umarnin wucin gadi: injinan su yi aiki daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma kawai, a kashe su ranar Lahadi da manyan ranakun hutu uku, ciki har da Kirsimeti da sabuwar shekara. A watan Fabrairu na 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce garin ya yi kuskure tun farko, dokarsa ta hau kansa, ya kamata ya nemi izinin nan na musamman. Aka tsayar da injin farko a watan Satumba na shekarar, garin ya nemi izinin bayan aikin gama ya gama, aka hana shi a 2016. Ba kullum maƙwabtan ke nasara ba: a farkon 2017 masu taya alƙali yanke hukunci sun wanke garin a wata shari'ar neman diyya. Amma a watan Yuni na 2017 Mai Shari'a Cornelius Moriarty ya tabbatar da cewa injinan abin cutarwa ne, ya ce a kashe su. Majalisar ta yanke shawarar ba za ta ɗaukaka ƙara ba. A 2019 taron gari ya ware dala miliyan 2.5 don sauke su.

Kada a ɗauka duk garin da ya mallaki injin iska haka yake ƙarewa. Garin Hull, kusa da Boston, ya kafa nasa a ƙarshen 2001 ta hannun hukumar lantarkinsa. Ƙarami ne, kilowat 660, a can ƙarshen zirin ƙasa inda igiyar ruwa da jiragen da ke sauka a filin jirgin Boston suka riga suka cika wurin da amo. Mutane sun ga amfaninsa a fitilun titi da takardar kuɗin wuta, har suka yarda aka ƙara na biyu mafi girma a 2006. A Fairhaven kuwa, inda aka kafa biyu a filin gari a 2012, rigimar ta kai zaɓen kujera ɗaya a hukumar lafiya ya zama kamar yaƙi, tazarar ƙuri'a ɗaya, har kotu ta sa aka sake shi. Abin da ke raba waɗannan labarai shi ne girman injin, da tazararsa daga ɗakin kwana, da shirun wurin da dare, da kuma ko an zauna da mutane kafin a zuba kankare.

Ƙasashen da suka riga Amurka nisa a wannan harka sun koyi cire waɗannan tambayoyi daga hannun wanda ke da riba a ciki. A Denmak doka ta ce tazarar injin daga gida kada ta gaza ninki huɗu na tsayinsa. Da a can ne, injin Falmouth sai ya ja baya zuwa kusan mita 480, wato gidajen da suka fi kusa da sun faɗa cikin haramtaccen wuri. Dokarsu ta 2008 ta ƙara abu biyu: a yi wa mazauna kusa tayin kashi 20 cikin ɗari na hannun jarin aikin, kuma wanda darajar gidansa ta faɗi a biya shi, bisa kiyasin wata hukuma mai zaman kanta. Daga baya sun sauya wasu sassan tsarin, amma tushen yana nan, wato cutarwa tana da farashi kuma mai aikin ne zai biya. A Jamus an ƙayyade wulgawar inuwa, kada ta wuce minti 30 a rana ko awa 30 a shekara, injin yana da na'urar da ke tsayar da shi idan lokacin ya cika. Akwai kuma wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Jihar Bavaria ta sa dokar ninki goma a 2014, wadda da za ta tura injin irin na Falmouth mita 1,200, sai gina sababbin injina ya kusan tsayawa cak a jihar, har aka sassauta dokar a 2022. Wannan ma asara ce, domin wutar da ba a samu daga iska ba daga gawayi ko gas za a samo ta, hayaƙinsu kuma yana da nasa maƙwabtan da ba a jin kukansu.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya sa labarin ke yi mini ciwo. Ina son wutar iska ta yi nasara. Mu da muke ganin hamada tana cin gonaki, damina tana rikicewa, ba mu da dalilin yi wa masu neman tsabtataccen makamashi dariya. Kuma abin yana matsowa kusa da mu: ga injina 37 na Lambar Rimi a jihar Katsina, masu kilowat 275 kowane, ga manyan gonakin iska a Senegal da Kenya, inda a 2021 wata kotu ta soke takardun mallakar filin da aka kafa aikin tafkin Turkana saboda ba a bi ƙa'ida wajen karɓar ƙasar makiyaya ba. A can fili ne abin rigimar, a Falmouth barci ne, amma tambayar ɗaya ce: wa aka tambaya, kuma wa za a kai wa kuka? Sunan Falmouth ya zama abin da masu adawa ke ambata a tarukan garuruwa da dama don tsorata jama'a, ya jawo wa ayyuka masu kyau baƙin jinin da ba su ci ba su sha ba. Zaman sauraren jama'a da aka tsallake don a yi sauri, watanni kaɗan zai ci. Da an yi shi, mai yiwuwa a gane cewa filin ya yi wa injin kaɗan, a nemi ƙarami ko a nemi wani wurin, ko a yi wa gidajen kusa tayin saye tun ana ganin mutuncin juna.

Yanzu filin matatar ya koma yadda yake, mazauna titin Blacksmith Shop suna buɗe taga da dare. Bashin da aka ci don injin farko bai faɗi tare da shi ba, daga harajin gidaje aka ci gaba da biyansa, tare da kuɗin lauyoyi na shekara bakwai da kuɗin rushewa. Cikin masu biyan har da mutum 6,001 da suka ƙi a cire injinan don gudun ƙarin haraji, har da maƙwabtan da suka kai ƙarar.